Nazarin Lamari: Gida Ɗaya a Ƙasar Daura da Komawa Makaranta Tsakanin Tsohon Hatsi da Sabo

Wannan bayani ne a kan gida ɗaya a wani ƙauye da ke arewa da Daura, can wajen iyakar Nijar, daga daminar 2023 zuwa ƙarshen shekarar karatu a 2024. Ina cikin kwamitin kula da makarantar firamaren da yaran gidan ke zuwa, wato SBMC, kuma da ni aka yi yawancin abubuwan da zan faɗa, har da waɗanda ba su yi nasara ba. Na sakaya sunan ƙauyen da na makarantar da na mutanen gidan. Ƙirgen kwanakin zuwa makaranta daga rajistar aji na ɗauko shi.

Yuni zuwa Agusta 2023: yadda gidan yake

Mutum bakwai ne a gidan: maigida ɗan kimanin shekara 40, matarsa, mahaifiyarsa, da yara huɗu. Babbar mace ce mai shekara 9, za ta shiga aji uku. Sai namiji ɗan shekara 6 wanda zai fara aji ɗaya, sai ƙanensa ɗan shekara 3, sai jaririya 'yar wata 10. Makarantar tana ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, tafiyar kusan kilomita 2.

Gonaki biyu ne na jigawa, ana shuka gero da wake, da ɗan gefe na gyaɗa. Hatsin da suke samu bai taɓa kai su shekara ba. Abin da ke cike giɓin shi ne babur: maigidan yana ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwanni, ranar Lahadi Mai'adua, wasu ranakun ya bi ta Kongolam ya tsallaka Nijar. Uwar kuma tana suyar awara a cikin gida, yarinyar ce ke kai talla.

Abu biyu suka faɗo wa babur ɗin a damina ɗaya. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar, kwana kaɗan bayan haka aka rufe iyaka. Mai ya yi tsada, fasinja ya yi ƙaranci, hanyar da ya fi samun ciniki ta toshe. Kafin tsakiyar Agusta rumbu ya nuna ƙasa. Maigidan ya ci bashin gero a hannun mutum biyu, a kan zai biya da kaka. Ba sabon abu ba ne a yankinmu mutum ya ci bashi a lokacin marka, sai dai a wannan shekarar babu abin da zai rage masa zafi.

Satumba: an buɗe makaranta

Makaranta ta koma a daidai lokacin da gero ya ƙosa ana shirin girbi. Wanda bai zauna ƙauye ba yana iya ɗauka cewa lokacin wadata ne. A gaskiya shi ne makonnin da suka fi kowanne cinye hannun gida. Ga korar tsuntsu, ga girbi da ɗauri da kai dami gida. Awaki da tumaki suna ɗaure tun faɗuwar ruwa don kada su yi ɓarna, dole kullum a yanko musu ciyawa, aikin yara ne. Kuma shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa.

A makonni huɗun farko an yi karatu kwana 19, saboda hutun Mauludi na ranar 27 ga Satumba. Yarinyar ta zo kwana 6. Yaron ya zo kwana 8, kuma a biyu daga ciki malamin aji ya sallame shi kafin a fita tara saboda jikinsa da zafi yana kwance a kan tabarma. Ba su kaɗai ba ne, amma nasu ya fi jan hankalinmu, domin yarinyar a aji biyu tana cikin masu zuwa a kai a kai.

Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba: abin da aka fara gwadawa

Abu na farko kayan makaranta ne. Ƙungiyar 'yan asalin yankin da ke zaune a birane, waɗanda da yawansu ke zuwa gida lokacin Sallar Gani, bikin da ake yi a Daura a watan Mauludi, sun kawo yunifom da jakunkuna da littattafan rubutu da fensir. An raba a filin makaranta, yaran gidan biyu sun samu. A makon da ya biyo baya dukansu sun zo kwana huɗu cikin biyar. A mako na biyu yarinyar ta zo sau ɗaya. Da na bi ta ƙofar gidansu wata safiya, sai na gan ta da farantin awara a ka, ƙanwarta goye a baya, sabuwar jakar tana rataye a zaure.

Abu na biyu nasiha ce ta hannun masu gari. Muka kai wa mai unguwa sunayen iyayen da 'ya'yansu ke fashi, aka tara su a ƙofar gidan dagaci. Shugaban makaranta ya yi bayanin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas ne, kuma akwai hukunci a kan uban da ya hana ɗansa. Maganar gaskiya ce, amma an faɗe ta a gaban jama'a, an kuma karanta sunaye. Maigidan bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai: "Ranka ya daɗe, ba ƙin karatu nake ba. Za su je in Allah ya so." Washegari ya ɗora yaron a babur ya kai shi da kansa, ya yi haka kwana uku. Yarinyar ba ta zo ba. Daga ranar kuma idan ya hango ɗan kwamiti sai ya canza hanya.

Abu na uku kuɗi ne. Wani bawan Allah ya ba da sadaka aka raba wa gidaje biyar, aka damƙa wa masu gida da sharaɗin a kashe a kan yara. Na wannan gidan ya tafi wajen biyan ragowar bashin taki. Daga baya ya faɗa mana da bakinsa, bai ɓoye ba. Mai bashin kullum yana ƙofar gidansa, kuma idan bai biya ba, ba zai sake samun mai ba shi baɗi ba.

A cikin waɗannan makonni aka gama girbin gero. Ya ɗaure dami 31. Dami 9 suka tafi ga masu bashi kafin sauran su shiga rumbu.

Tsakiyar Oktoba: safiya ɗaya a tsakar gida

Duk abin da muka yi zuwa nan, da maigida muka yi shi, a zaure ko a ƙofar gida. Babu wanda ya ji ta bakin matar. Wata malama mai koyar da aji ɗaya, mamba a kwamitin, ita ta ce a ba ta dama ta shiga ciki. Ba da takarda ta je ba. Ta je ranar Asabar bayan sallar asuba, ta gaida tsohuwa, ta zauna tana taya su tsintar wake har hantsi ya ɗaga. Ta koma sau biyu a mako mai zuwa. Abin da ta kawo mana shi ya canza tafiyar, don haka zan tsaya a kansa.

Da asuba uwar ke fara aikin awara. Waken suya da aka jiƙa tun dare sai an kai niƙa, injin kuma yana ƙauyen gaba, yarinyar ce ke kaiwa. Kuɗin niƙa ya tashi saboda tsadar mai, don haka an daina kai gero inji, ana daka shi a turmi, kuma yana zangarniya, sai an yi sussuka da sheƙa da surfe kafin a kai ga gari. Duk wannan a kan mace ɗaya mai shayarwa. Idan tana kan turmi ko a bakin murhu, dole wani ya riƙe jaririya. Tsohuwa tana da ciwon gwiwa, goyo yana ba ta wahala. Sai yarinyar. Idan awara ta soyu, wajen ƙarfe takwas da rabi, lokacin ne masu fita gona ke saye, kuma kuɗin tallan nan shi ne gishiri da daddawa da man miyar dare. Uwar ta ce wa malama: "Malama, in na sake ta ta tafi, da me zan yi miya? Wa zai riƙe mini wannan?"

Shi kuma yaron, abin da ke hana shi daban ne. Ɗumame ake ci da safe a gidan, amma tun Agusta tuwon dare ba ya kwana. Yakan fita da ruwa kawai a cikinsa, ya yi tafiyar kilomita 2, kafin tara ya galabaita. Zazzaɓi ya kwantar da shi sau biyu a cikin wata guda, ana saya masa farasitamol a shagon magani, ya sauka, ya dawo.

Akwai kuma wata magana da babu wanda ya faɗa mana a baya. An ce kowane yaro ya kawo kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da tsintsiya. Kuɗin ba su da yawa, amma sau biyu ana tsayar da waɗanda ba su biya ba a gaban aji. Yarinyar ta faɗa wa kakarta ba za ta koma ba sai da kuɗin. Wannan daga ɓangarenmu ne, domin da saninmu aka sa kuɗin, ko da yake ba mu san yadda ake karɓarsu ba.

Malamar ta kuma lura da ɗan shekara ukun. Ba ya wasa, gashinsa ya yi ja. A kan katangar ɗaki ta ga ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi na yara a cikin ledarsu. Wannan magani ne da ake bi gida-gida da shi sau ɗaya a wata a lokacin damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara gwada shi a Najeriya a 2013. Na kwana uku ne: na ranar farko a gaban ma'aikaci ake ba yaro, na sauran kwana biyu uwa ake bar wa. Na kwana biyun ne aka manta a kan katanga. Shi kuwa ɗan shekara shida ya wuce shekarun da ake ba su, wato a shekarar da aka fara tura shi makaranta babu wannan kariya a jikinsa.

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: abin da aka canza

Lafiya aka fara dubawa. Aka kai yaran maza biyu cibiyar lafiya ta mazaɓa. Gwajin jini na yatsa ya nuna zazzaɓin cizon sauro a jikin babban, aka ba shi cikakken maganin kwana uku, malamar ta bi ta tabbatar an shanye. Ƙaramin aka auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi uku, ya faɗa a rawaya, tsakanin santimita 11.5 da 12.5. Bai kai ja ba, amma yana kan hanyar tamowa. Ma'aikaciyar ta nuna wa uwar yadda za ta haɗa garin gero da waken suya da gyaɗa ta dama masa kunu, duka abubuwan da ke cikin gidan. Gidan sauro ɗaya suke da shi, aka ce yaran uku su riƙa kwana a ciki tare da kakarsu.

Maganar kuɗin ƙungiya a zaman kwamiti aka warware ta. Aka yanke cewa ba za a ƙara tambayar yaro kuɗi a aji ba, iyaye za a tambaya, kuma sai bayan an sayar da wake. Wanda ya ga dama ya biya da tiyar hatsi. Shugaban makaranta ya amince ba tare da ja-in-ja ba.

Talla ce ta fi wuya. Shawarar farko da wani ya kawo ita ce a ba uwar jari ta daina awara ta koma sana'ar da ba ta buƙatar talla. Ta ƙi, ta ce awara ta iya kuma tana da masu saye. Mafita daga bakin tsohuwa ta fito. Ta ce wa malama: "'Yar nan, goyo ne ba na iyawa, zama ai ina iyawa. Ku samo mini inuwa a bakin makarantar." Haka aka yi. Ɗanta yana sauke ta da babur wajen ƙarfe tara da bokitin awara, ta zauna ƙarƙashin darbejiya, yara su saya lokacin tara, masu wucewa zuwa gona su ma su tsaya. Cinikin bai kai na yawon talla ba a makon farko. Daga mako na uku ya kusa kamo shi, saboda malamai sun fara saye su tafi da shi gida.

Saura raino da niƙa. Uwar da maƙwabtanta biyu, waɗanda su ma 'ya'yansu mata ke fashi, suka shirya a tsakaninsu: niƙa ana haɗawa a kai da yamma, yaro ɗaya ya kai na gida uku; da safe kuma ƙananan yara suna taruwa a gida ɗaya, ana juyawa. Ba mu muka tsara musu ba, malamar dai ta haɗa su zama ɗaya ta bar su. Tsarin ya sha tangal-tangal, an taɓa yin mako guda ba a magana saboda saɓani a kan kuɗin niƙa, amma bai rushe ba.

Karin kumallo kuma koko ne. Ana jiƙa gero rabin tiya, a niƙa tare da waken awara, gasarar ta kai kwana uku. Mun so mu dogara da shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2016, amma a wannan zango abinci bai zo makarantarmu ba, don haka ba mu sa shi a lissafi ba.

Lokacin roron wake, maigidan ya zo da kansa ya ce yana buƙatar yaran. Wannan ne karon farko da ya nemi ɗan kwamiti tun zaman ƙofar dagaci. Aka yi da shi cewa za su je gona bayan an tashi daga makaranta da ranakun Asabar da Lahadi, makarantar allo kuma ta koma dare kamar yadda malaminsu ya saba yi da kaka. Ya cika alkawari in ban da kwana biyu.

A cikin kwanakin karatu 20 na ƙarshe kafin jarrabawar zangon farko, yarinyar ta zo kwana 17, yaron ya zo 18.

Janairu zuwa Maris 2024: hunturu da ci-rani

Bayan an kai amfani gida maigidan ya jinginar da babur ya tafi ci-rani Legas. Tsohuwa ta rasa mai kai ta. Mako biyu yarinyar ta koma talla, fashi ya dawo. Aka samu wani mai amalanken shanu da ke ɗibar ruwa ta wajen makarantar, ya yarda ya riƙa ɗaukarta, ana biyansa da awara.

Sanyi ya kawo nasa. Yara ba sa fita sai rana ta ɗaga, yawancin kwanaki sai wajen ƙarfe tara suke isowa, darasin farko ya wuce. Ba mu sami maganin wannan ba. An dai mayar da karatun Hausa bayan tara a aji ɗaya zuwa uku don kada ya riƙa wuce su.

A watan Janairu ne limamin ƙauyen, bayan mun zauna da shi, ya yi huɗuba a kan zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar. Wasu manoma suka yarda a ware wani abu daga zakkarsu a ajiye wa mabuƙata masu ƙananan yara har zuwa damina, da yardar waɗanda za a ba. An tara dami 14 a rumbun da ke gidan liman.

Afrilu zuwa Yuli: inda aka tsaya

An buɗe iyakar Nijar a watan Maris, maigidan ya dawo gab da ƙaramar Sallah ya karɓo babur ɗinsa. A zango na uku yaran biyu ba su yi fashin da ya wuce kwana biyar kowannensu ba. Yaron ya gama aji ɗaya yana gane baƙaƙe da wasula, yana haɗa gaɓoɓi kamar ba, bi, bu. Damtsen ƙaramin ya koma kore tun watan Fabrairu. Yarinyar ta wuce zuwa aji huɗu, amma karatunta bai kai na 'yan ajinsu ba. Tana karanta gajeren layi da ƙyar, kuma har yanzu ba ta zuwa duk ranar da uwarta ba ta da lafiya.

Abin da na fahimta

Yunifom da jaka ba su yi aiki ba domin ba rashinsu ne ya tsare yaran ba, ko da yake sun yi amfani daga baya da yaran suka dawo. Zaman ƙofar dagaci ya yi ɓarna fiye da gyara: ya sa mutumin da ke cikin kunyar bashi ya ƙara wata kunyar, ya kuma rufe mana ƙofarsa kusan wata guda. Kuɗin da aka ba shi ban ga laifinsa a kansu ba. Mu ne muka ba mai bashi kuɗi a watan biyan bashi muka sa ran za su tafi wani wuri.

Abin da ya yi aiki duk ya fito ne daga sanin yadda awa ukun farko na safiya ke tafiya a cikin gidan, kuma wannan sani mace ce kaɗai za ta iya shiga ta ɗauko shi. Yarinyar tana riƙe da aiki uku, niƙa da raino da talla, kuma ba ta sami kanta ba sai da kowanne ya sami mai ɗauka. Mun yi wata guda muna magana da maigida a kan abin da ba a hannunsa yake ba. Kuma mafi ƙarfin gyaran, na tsohuwa da na maƙwabta, ba mu muka kawo shi ba.

Babban kuskurenmu na lokaci ne. Mun fara motsi a ƙarshen Satumba, alhali matsalar ta fara tun Agusta, ranar da aka ci bashin gero. Makonni shidan da yarinyar ta rasa a farkon aji uku, a ganina, suna cikin abin da take biya har yanzu a karatunta. Shi ya sa muka shirya fara aikin da wuri a daminar 2024. A makon farko na Agusta za a buɗe rumbun gidan liman, wannan gida yana cikin waɗanda za su karɓa. Malamar da wasu mata biyu za su zaga gidajen da ke da 'yan aji ɗaya kafin a buɗe makaranta, su duba gidan sauro da ledar magani, su tambayi wa zai riƙe jariri. An kuma ware wa yarinyar da wasu yara bakwai rabin awa bayan tashi, kwana uku a mako, don karatun Hausa. Kakarta ta ce za ta jira ta a gindin darbejiya su koma tare.